Wuƙa Ba Ta Cin Jelani

"To in ba a yi maka aikin ba, da mi za ka yanka nama? Da haƙori?" na ce masa.

"Yaya, ni ban ce kar a yanka ni ba," in ji Jelani. "Cewa niy yi ba ni yankuwa. Ki riƙa bambancewa."

"Kwana biyar kana bambancewa, hannu na ta kumburi."

"Kayan gwamnati nika tausayi. In shiga in lanƙwashe musu wuƙaƙe, gobe a kawo wani bawan Allah a rasa abin yi mai aiki. Ke za ki ɗauki alhakin?"

Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakina, ya ɗora hannun dama a kan filo kamar jaririn da aka haifa da safen nan. Yatsun sun cika sun yi sumul, babban yatsa da biyun da ke kusa da shi kuwa ko tsunkulinsu aka yi ba ya ji. Matarsa Mariyatu tana tsaye bayansa da kwanon kunu, ta ɗaga ido sama tana motsa baki. Ban sani ba ko addu'a take ko zagi.

Jelani ƙanena ne, ciki ɗaya, shekara biyar na ba shi. Mu Rundawa ne, mahautan Ƙofar Marke, tun kakanni. Rumfar kilishinsa tana Gawon Nama, kuma ko maƙiyinsa ya san in ya kama tsoka da wuƙa yana fitar da sala mai faɗin sallaya, siririya har kana hango rana ta cikinta. Duk wannan aikin wuyan hannu ne. Wuyan hannun ne kuwa ya farfashe.

In ka tambaye shi, bajimi ne ya fizge shi a kwata, wurin yanka. Gaskiyar magana, ruwan wankin kuɓewa Mariyatu ta watsa a tsakar gida, ya fito da sauri zai tafi masallaci, santsi ya ɗebe shi, ya kai hannu zai tare ƙasa. A gabana aka yi. Mutum uku kacal na gaya wa, sai dai ɗaya daga cikinsu Zaituna ce mai kitso.

Ran da abin ya faru maɗori aka fara kirawa, tsoho mai tsoron Allah. Ya lalubi hannun, ya saki, ya ce wannan ba karaya ba ce, tsaki ne, ƙashin ya dagargaje, a tafi babban asibiti. Can aka ɗauki hoto, wani Dakta Junaid ya kafa shi a jikin fitila ya nuna mana. Ya ce ƙashin ya rabu gida biyar, tsagar ta shiga har cikin gaɓa inda hannu ke juyawa, wani ɓallin kuma ya danne jijiya, shi ya sa yatsu suka mutu. Ɗauri daga waje ba zai riƙe su ba. Sai an buɗe, an jera gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, an shimfiɗa ɗan ƙarfe a kansu an ɗaure da kusoshi.

"Kuma Baba, ƙashi ba ya jiran kowa," in ji shi. "In mun wuce mako biyu zai fara kamawa a karkace. In ya kama haka, ko cokali sai ka yi dabara."

Jelani ya yi murmushi ya ce masa, "Dakta, hala kai baƙo na garin nan?"

Ga inda gizo ke saƙar. Shekara arba'in da biyu ke nan Jelani yana ɗan tauri. Duk bikin da aka yi na Rundawa, da makaɗa sun saki kalangu sun kira Gagara-wuƙa, sai ya cire riga ya shiga fili yana gurza wuƙa a ciki da wuya, mata na guɗa. Bai taɓa yarda an yi masa allura ba, wai kar ta karye a ba ma'aikata kunya. In ya yanke a wurin aiki, don yana yankewa kamar kowa, sai ya ce tsinin ƙashi ne ya karce shi, ƙarfe bai isa ba.

Ni kuwa na san abin da ya sha.

Yana da shekara goma sha shida Babanmu ya je Wamakko wajen wani mai magani ya karɓo masa ƙunshin tauri. Lokacin ina gida wankan haihuwar fari. Baba ya miƙo mini ya ce in dama da fura in ba yaron. Na ajiye a kan turmi. Sai na ji maƙwabta sun kaure da faɗa, na ce bari in ɗan leƙa ta katanga, minti ɗaya. Faɗan ya yi daɗi. Da na dawo na ishe jar akuyarmu tana lasar baki, ko ganyen da aka ƙunshe abin bai tsira ba. Baba mutum ne mai saurin hannu. Na ɗebi garin kuka, na barbaɗa toka don ɗaci, na dama. Jelani ya shanye, ya yamutsa fuska, ya ce yana jin abin na bin jijiyoyinsa. Ita kuwa akuyar da ta ci na gaskiyar, da Sallah ta zo wuƙa ɗaya Baba ya sa mata.

Wuƙar da yake wasa da ita ma na sha taɓa bakinta. Ko tuwon jiya sai an danna.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni Lami, wadda in na kwana da magana a ciki sai na tashi da ƙwannafi, na riƙe wannan shekara arba'in da biyu. Na binne miji bai ji ba.

To ranar nan ta biyar, da na dube shi yana zufa a kan tabarma, sai na gane ba kayan gwamnati ke damunsa ba. Yana son hannunsa. Amma in ya kwanta wuƙar likita ta shige shi kamar man shanu, washegari duk Sakkwato ta ji, kuma ya san ta bakin wa za ta ji. Ƙofa yake biɗa wadda zai fita da hularsa a kai. Sai na sassaƙa masa.

"Mariyatu, ba mu wuri," na ce. Da ta matsa, ba nisa ba, na rage murya. "Baba ya bar mani makarin."

"Wane makari?"

"Kowane magani da makarinai. Ran da zai rasu yac ce in wata lalura ta taso, wadda kunka hito ciki guda da ita ta buge ka da muciya sau ukku ga baya, da sahe, kahin ka ci komi. Tauri na ɗagawa kwana bakwai, sannan shi dawo."

Ya kalle ni. "Mi ya hana shi hwaɗa man?"

"Ya san bakinka."

"Bakina? Ke?"

"Kuma sau guda aka yi ga rayuwar mutum," na ƙara, don kar ya ce a bari sai wani watan. Wannan ƙarin gishirin shi ya zo ya kashe miyar, amma a lokacin daɗinsa na ji.

Da safe ya zo ya durƙusa a tsakar gida ba riga. Na ɗauko muciyar tuwon suna, mai nauyin nan. Bugu biyun farko na magani ne. Na ukun kuwa nawa ne, na tara shi tun ran da ya ce wa surukaina ban iya miyar sure ba.

"Yaya, haka Baba yac ce a yi da ƙarhi?"

"Haka yac ce."

Kwana biyu bayan nan aka shiga da shi. Ba su sa shi barci ba. Allura suka yi masa a gindin wuya, hannun ya mutu tun daga kafaɗa, suka kare da ƙyalle don kar ya ga abin da ake yi. Wata ma'aikaciya ta ba ni labari daga baya, wai tun da aka fara yake ce wa likita ya hanzarta, kwanakin a ƙirge suke. Mu muna benci a waje, ni da Mariyatu, awa biyu da wani abu. Kafin a fito da shi na san abin da ya kawo duk matan da ke bencin, da wadda mijinta bai leƙo ba.

Dakta Junaid ya fito da sabon hoto. Ga ƙashin ya haɗu, ga ɗan ƙarfen a kwance a kansa kamar ƙaramin mataji, kusoshi bakwai. Ya ce ya ɗage abin da ya danne jijiyar, yatsu za su farfaɗo a hankali.

"Mama, rabin aiki muka yi," ya ce mini. "Sauran rabin nasa ne. Daga gobe ya riƙa motsa yatsu. In an cire zare bayan mako biyu, ya fara zuwa gashin ƙashi. A gida kuma ya riƙa matsa soso, ya juya tafin hannu sama kamar mai addu'a, ya kife shi, ya murɗa mariƙin ƙofa. Ƙarfen na riƙe da ƙashin, kar ya ji tsoro. Gaɓa in an bar ta zaune, daskarewa take."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ce nan.

Kwanakin farko lafiya lau. Yana motsa yatsu yana karɓar 'yan dubiya. Ni kuma na je kitso, na ɗan gaya wa Zaituna cewa sai da aka karya tauri kafin wuƙar asibiti ta kama. Iyakar abin da na ce ke nan. Kafin Juma'a labarin ya dawo mini ta bakin mai kai mana ruwa: wuƙa uku sun lanƙwashe, allura ta narke, sai da aka ɗauko wani likita daga Kaduna. Jelani yana jin ana faɗa, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya shafa gemu da hagu.

Ran da kwana bakwai suka cika da bugun muciya, na fito na ishe shi ya naɗe hannun da rawani ya rataya a wuya.

"Mi ya samu hannun?"

"Ya dawo," ya ce da raɗa.

"Wa?"

"Tauri. Jiya nij ji shigatai." Ya dubi hannun kamar mai gadin maciji. "Yanzu ga ƙarhe cikin jikin da ba ya shiri da ƙarhe. Bai lura da shi ba tukuna. In na motsa, ya lura. In ya lura, ya lanƙwashe shi ciki, kusoshi su hito ta hwata. Sai a lallaɓa."

Me zan ce? Ni na ce kwana bakwai.

Haka muka shiga. An je an cire zare, ya dawo ya mayar da rawani. Gashin ƙashi sau ɗaya ya je, da matar ta kama hannun za ta lanƙwasa ya ce mata ta rufa wa kanta asiri. Soson da aka ba shi Mariyatu ta gaji ta sa a wanke-wanke. Ita ke sa masa riga, ita ke ɗaure masa wando, ita ke yanka masa nama a kwano, mahauci ɗan mahauci. Abokan sana'a suna riƙe masa rumfa, amma masu saye sun fara cewa kilishin Jelani ya koma tafin takalmi. Wani Alhaji da ke aikawa da shi Abuja duk wata ya koma wata rumfar, kuma ni aka fara gaya wa.

Na ce a sake bugun muciya. Ya ce ai sau guda ake yi, ko na manta wasiyyar Baba? Na ce wataƙila ban ji da kyau ba, tsoho ne yana jin jiki. Ya ce maganar mamaci ba a yi mata kwaskwarima. Na kawo masa malamin unguwa ya yi masa nasiha a kan dogara ga Allah, ya saurara da ladabi, ya ce gaskiya ne, ya raka malam ƙofa da hannu a rataye.

Bayan mako shida muka koma asibiti. Dakta Junaid ya duba hoto ya ce ƙashi ya kama, ya yi kyau ƙwarai. Sannan ya warware rawanin ya ce a juya hannu. Hannu ya tsaya kamar reshen da ya bushe. Ya ce a dunƙule. Yatsu suka zo rabi suka tsaya. Likitan nan mai haƙuri ne, ɗan gidan malamai, amma na ga ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, awa biyu na yi ina jera ƙashin nan kamar mai tsintar shinkafa. Me ya hana ka motsa shi?"

"Akwai abin da ba a karanta muku ba, Dakta."

Ya juyo wajena. "Mama, kin ce ke ce nan."

"Ni ce."

"To in aka ƙara wata ɗaya haka, hannun ado na gyara. Zai yi kyau a hoto, amma ba zai ƙara riƙe wuƙa ba. Kuma wannan ba abin da zan buɗe in gyara ba ne."

Muka kamo hanyar gida a cikin Keke. Mariyatu tana share ido da bakin mayafi. Jelani yana kallon titi, da muka zo Gawon Nama ya juya kai ɗaya gefen.

Bayan la'asar na aika Mariyatu ta kira shi ɗakina. Na ce ita ma ta zauna, ina son shaida. Ya shigo ya tura ƙofar da kafaɗa. Ƙofar ɗakina ta ƙarfe ce, mariƙinta ya yi tsatsa tun damina biyu, sai an murɗa da gaske take buɗewa.

"Jelani, ba wani makari. Ni nis shirya shi."

Ya yi dariya ta hanci. "To da mi wuƙa ta kama ni?"

"Da abin da taka kama kowa. Ba ka da tauri. Ba ka taɓa yi ba."

"Yaya, tsuhwa ta hwara taɓa ki."

"Ran da Baba ya kawo ƙunshin daga Wamakko, wa ya dama maka?"

"Ke."

"Mi kaj ji ga baki?"

"Ɗaci. Da yauƙi."

"Yauƙin kuka ta. Ɗacin toka ta, daga murhun Inna. Maganin naka jar akuya ta cinye shi bisa turmi, ina can ina kallon hwaɗan gidan Sadiyatu."

Mariyatu ta sa mayafi a baki. Kafaɗunta suna rawa.

"Ƙarya ta," in ji shi. "Shekara arba'in ina gurza wuƙa ga cikin jama'a."

"Arba'in da biyu. Wuƙar da ko albasa ba ta jin tsoronta. Kawo ta rumhwa, wadda kaka wasawa kullum, ka gurza mu gani."

Ban tsaya nan ba.

"Kuma akuyar ma da ta ci na gaske, ka tuna yadda ta ƙare? Kai ka riƙe ƙahwahunta."

"Wadda anka yanka da Sallah?"

"Wuƙa guda."

Mariyatu ta kasa, dariyar ta kufce mata. Ya juya ya harare ta, ta ce, "Yi haƙuri, Maigida, atishawa ta."

Na matso kusa da shi. "Ba abin da ke cikin hannunka sai ƙashinka da ƙarhen likita, kuma lahiya suka zaune. Miyar kuka ba ta lanƙwasa kusa. Ka motsa hannunka, ka koma rumhwarka. Mutane na cin takalmi da sunanka."

"Sau ukku kika buge ni," ya ce a hankali. "Ba riga. Gaban matata."

"Ai ya yi amfani."

"Wa kika hwaɗa ma?"

"Ba kowa. Shi kaɗai na taɓa riƙewa, kuma ka ga inda ya kai mu."

"Zaituna hwa?"

"Kitsona bai tsuhwa ba tukuna. Sai jibi." Na dubi rawanin da ke wuyansa. "In na ga ana matsa soso kahin jibi, wataƙila in yi mata hirar wani."

Ya miƙe tsaye. Jijiyar goshinsa ta tashi kamar ta Baba. Ya waiga yana neman abin da zai huce a kai, idonsa ya faɗa kan muciyar tana jingine a lungu. Ya fizge ta da hagu.

"Wagga ba ta ƙara kwana gidan nan. Ke kuma, Yaya, tsakanina da ke gaisuwa. Gaisuwar ma sai na ga dama."

"Allah shi ba ka dama. Tuwon suna dai da ita aka tuƙawa."

Ya nufi ƙofa. Hannun hagu yana riƙe da muciya, ƙofa a rufe. Ya tsaya, ya tura da kafaɗa, ba ta motsa ba, don ciki take buɗewa. Mariyatu ta yunƙura za ta taimaka, na take mata zane. Yana huci yana faɗin shekara arba'in da biyu, yana faɗin akuya, ya zaro hannun dama daga cikin rawani, ya damƙi mariƙin mai tsatsa, ya murɗa har sai da ya cije leɓe, ya fita, ya jawo ƙofar da hannun nan ya buga ta har kwanonin jerena suka amsa.